Bayan an sa ƙarfe a kafaɗa: yadda jinyar take tafiya daga ranar tiyata har shekara

Tambayar farko da kusan kowa yake yi mana a sashen gashin ƙashi, idan an turo shi bayan tiyatar kafaɗa, ita ce: "To ai yanzu ƙashin ya haɗe ko?" Bai haɗe ba. Abin da likitan tiyata ya yi shi ne ya mayar da gutattsarin ƙashin mazauninsu, ya dafe su da ƙarfe don kada su goce. Haɗuwar kuma jiki ne yake yin ta, kuma ba ta kammala kafin mako 6 zuwa 12, wani lokaci fiye da haka. Duk dokokin da ake gindaya wa mai wannan jinya daga nan suka samo asali, shi ya sa muke fara bayani daga nan kafin mu taɓa hannun kowa.

Karayar da muka fi gani ita ce ta saman ƙashin damtse, dab da inda kansa mulmulalle yake zaune a jikin allon kafaɗa. Matasa daga haɗarin babur ko adaidaita sahu suke samun ta, dattawa kuma, musamman mata da suka daina al'ada, santsin banɗaki kaɗai ya isa. Mafi yawan irin wannan karaya ba a yi mata tiyata, rataye hannu ake yi ta warke. Wadda ake buɗewa ita ce wadda gutattsarin suka rabu sosai. Wani likitan Amurka, Charles Neer, ya kasa wurin kashi huɗu a 1970: kan ƙashin, babban tudun da ke gefensa, ƙaramin tudun da ke gaba, da sandar ƙashin. A lissafinsa, guntu ya goce idan ya matsa fiye da santimita 1 ko ya karkace fiye da digiri 45. Har yau za ka ga an rubuta a katin mutum cewa karayarsa mai kashi biyu ce, ko uku, ko huɗu, kuma yawan kashin yana nuna yawan taka-tsantsan da za a yi.

Ƙarfen iri biyu ne aka fi sawa. Akwai faranti siriri da ake kwantarwa a gefen ƙashin ta waje, a ɗaure shi da ƙusoshi masu zare irin na noti, masu kaurin milimita 3.5, wasu a cikin kan ƙashin, wasu a sandar. Akwai kuma sandar ƙarfe da ake zurawa ta sama cikin ɓargo, a kulle ta da ƙusoshi ta gefe. Ko dai taitaniyom ne ko ƙarfe marar tsatsa. Sau da yawa likita yakan ƙara da zare mai ƙarfi ya ɗinke jijiyoyin tsokar kafaɗa a jikin farantin. Idan kuwa kan ƙashin ne aka cire gaba ɗaya aka sa na roba da ƙarfe, wannan wata jinya ce daban, dokokinta ba su ne waɗannan ba. Kuma a duk inda abin da ke nan ya saɓa da abin da likitanka ya rubuta, nasa za ka bi, domin shi ya ga ƙwarin ƙashinka da idonsa, ya ji yadda ƙusa ta kama da hannunsa.

Kwanakin farko

Idan an yi maka allurar kashe hannu a gefen wuya, za ka farka ka ji hannun kamar ba naka ba, ba ciwo ba motsi. Tana sakin mutum cikin awa 12 zuwa 24, galibi tsakar dare, kuma ciwon da yake biyo baya ba ya sallama. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ƙi shan maganin ciwo da yamma don "ai ba na jin komai". A sha kafin allurar ta saki. Babba mai nauyin da ya wuce kilo 50, wanda hantarsa lafiya lau, yana shan farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. A duba kwalin sauran magungunan da aka haɗo, don da yawa daga maganin mura da na ciwon jiki akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Su ibufurofen da daikulofenak kada ka saya da kanka a kemis. Suna taɓa mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda, kuma wasu likitocin ƙashi ba sa son a daɗe ana shan su a makonnin da ƙashi yake fara haɗuwa. Tiramadol, idan an rubuta, na ’yan kwanaki ne. Yana ɗaure ciki, yana sa jiri, ga shi kuma kowa a Arewa ya san yadda yake kama mutum. Ranar da ciwo ya fara sauƙi, shi ake fara ajiyewa.

Cikin kwana uku zuwa biyar fatar damtse za ta yi duhu, jinin da ya kwanta ya gangaro har gwiwar hannu, wani lokaci ya bazu a gefen ƙirji. Ga mai hasken fata abin yana da ban tsoro, amma nauyi ne kawai yake jawo jinin ƙasa, zai baje da kansa cikin mako biyu zuwa uku. Kumburin yatsu ma haka. A cire zobe da awarwaro da agogo tun ranar farko. A riƙa dunƙule hannu ana buɗewa sau 10 zuwa 20 duk awa idan ana farke, a juya wuyan hannu, kuma sau uku ko huɗu a yini a zare maratayin a bar gwiwar hannu ta miƙe a hankali, damtsen yana manne da jiki. Gwiwar hannu tana saurin ƙagewa idan ta kwana biyu a lanƙwashe, kuma abin takaici ne a gyara kafaɗa a bar mutum da gwiwar da ba ta miƙewa.

Ƙanƙara tana rage kumburi: a naɗe ta a tawul, minti 15 zuwa 20, kada ta taɓa fata kai tsaye kuma kada ta jiƙa bandejin. Inda babu wuta, ledar ruwan sanyi daga mai shago ta wadatar. Abin da ba ma so a wannan lokaci shi ne gashi da ruwan zafi, wanda shi ne abu na farko da ’yan gida suke kawowa. Zafi yana ƙara kumburi a sabon rauni, kuma fatar gefen kafaɗa sau da yawa a mace take bayan wannan karaya, saboda wata jijiyar ji da take zagaye wuyan ƙashin tana buguwa ko ta jawu. Mutum zai ƙone bai ji ba. Man zafi, man kaɗanya, toka, garin magani, duk kada su kusanci ɗinkin.

Maratayi yana da yadda ake sa shi. Gwiwar hannu ta shige can ƙuryar aljihunsa, tafin hannu ya ɗan fi gwiwar tudu, wuyan hannu ya kasance a ciki ba yana reto a baki ba. Igiyar ta bi ta bayan wuya da ɗan tsumma mai laushi a ƙarƙashinta. Idan ka ga kafaɗar da aka yi wa aiki ta ɗage sama kusa da kunne, igiyar ta yi gajarta, ko kuma kai ne kake riƙe hannun da ƙarfin tsoka maimakon ka sakar wa maratayin nauyin. Wannan riƙon shi ke kawo ciwon wuya da ciwon kai da mutane suke kuka da shi a mako na biyu. Tsawon lokacin ratayar ya danganta da karayar, daga mako 2 zuwa 6, dare da rana sai lokacin wanka da motsa hannu.

Barci shi ne abin da ya fi wahalar da kowa. Kwanciya rigingine a shimfiɗe tana sa damtsen ya faɗa baya ya ja wurin karayar. A jingina da matasai uku ko huɗu kamar rabin zama, a sa ƙaramin matashi a bayan gwiwar hannun don ta ɗan turo gaba. Mai kwana a katifa a ƙasa ko a tabarma ya fi kowa shiga haɗari wajen tashi, domin jiki da kansa yake kai hannu ya dafa ƙasa. A juya ta ɓangaren lafiyayyen hannu, a durƙusa, sannan a miƙe. In da hali a koma gado ko doguwar kujera na wata ɗaya. Masu tayar da shi kuma kada su kama hannun ko su sa hannu a hammatarsa su ɗaga, a ƙugu ake tallafa.

Ɗinkin faranti yana gaban kafaɗa, tsawonsa kamar santimita 10 zuwa 15. Ana cire zare ko ƙusoshin fata tsakanin kwana 10 zuwa 14. Kafin nan ba a jiƙa shi, wankan tsumma ake yi daga ƙirji zuwa sama. Hammata kuwa dole a kula da ita, musamman a bazara: a sunkuya gaba a bar hannun ya yi reto da kansa, sai sarari ya buɗe, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a busar sosai. In an bar gumi ya kwana a wurin, fata takan saɓule ta fara wari, ga shi kuma taku ɗaya ne tsakaninta da ɗinkin. Wajen sa riga, hannun da aka yi wa aiki shi ke fara shiga, wajen cirewa shi ke fita a ƙarshe. Riga mai maɓalli a gaba ko mai faɗin wuya da hannu ita ce daidai. Babbar riga a jingine ta tukuna, don naɗe hannunta bisa kafaɗa shi ne ainihin motsin da aka hana. Mata su nemi mai ɗaura musu ɗankwali da mai yi musu kitso, hijabi mai zurawa ya fi sauƙi.

Akwai abubuwan da ba a cika tambayar likita ba don kunya, alhali su ne rayuwar yau da kullum. Wanda hagunsa ta karye zai sha wuya wajen tsarki, domin kai hannu baya na cikin motsin da aka fi hanawa, kuma shi ne na ƙarshe da yake dawowa. Wanda damansa ta karye zai iya kai loma baki da ita idan gwiwar hannu tana manne da haƙarƙari, ya sunkuyo da kai, kwanon kuma yana kusa, ba ya miƙa hannu tsakiyar tire ba. Buta cike ta kusa kilo biyu, ta fi ƙarfin wannan hannun. Salla a zaune ake yin ta a makonnin farko, ba ɗaga hannu zuwa kunne, ba dafa ƙasa a sujada. Hukuncin alwala da shafa a kan bandeji da taimama malamai sun yi bayaninsa, a tambaye su, ba a kwance bandeji don alwala. Gaisuwa kuma, ’yan dubiya su yi haƙuri da ta baki. Mun sha ganin kafaɗa ta tashi da ciwo na kwana uku saboda musafahar wani mai ƙarfin hannu.

Me ya sa aka hana ɗaga hannu, kuma me ya sa aka hana barin sa

Wannan wurin ne mutane suka fi ruɗewa, don ana gaya musu abu biyu da suke kama da kishiyoyi: kada ka motsa, kuma dole ka motsa.

Tsokokin da ke juya kafaɗa guda huɗu ne, kuma jijiyoyinsu a kan tudun nan biyu suke manne, wato a kan gutattsarin da suka karye. Duk lokacin da ka ɗaga hannu da ƙarfin kanka, tsokar tana fizgar guntun ƙashin da aka dafe. Ƙusa a ƙashin matashi kamar ƙusa ce a katako, tana kamawa. A ƙashin dattijuwa kuwa kamar ƙusa ce a tsohon bangon laka, in ana girgiza ta kullum ramin zai faɗaɗa. Abin da ke biyo baya shi ne kan ƙashin ya zauna ƙasa ko ya karkata ciki. Su ƙusoshin faranti a kulle suke a jikinsa, ba sa ja da baya, don haka idan ƙashin ya nitse sai bakinsu ya huda ya leƙo cikin gaɓa, ya fara kankare allon kafaɗa. Wannan na cikin manyan dalilan da ke mayar da mutum ɗakin tiyata karo na biyu. Farantin da kansa ma yana iya karyewa, ba don jabu ba ne. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ta tsinke. Ƙarfen yana ɗauke da nauyin ne na wucin gadi, in ƙashin bai karɓe shi a kan lokaci ba zai gaji.

A ɗaya gefen, gaɓar kafaɗa tana cikin wata jaka mai laushi mai naɗe-naɗe, wadda ke ba hannu damar kaiwa sama. Jini da kumburi da rashin motsi suna sa naɗin ya manne, jakar ta tsuke. Wanda ya rungume hannu wata uku don tsoro zai zo da ƙashi haɗaɗɗe da kafaɗar da ba ta wuce tsayin ƙirji, kuma kwance wannan yana cin watanni. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, in ji masu magana, amma a kafaɗa ƙin tashin ma muguwar rawa ce.

Mafitar ita ce a motsa gaɓar ba tare da tsokarta ta yi aiki ba. Motsi na farko da muke koyarwa, yawanci cikin mako na farko ko na biyu idan likita ya yarda, shi ne reto, wanda ake danganta shi da likita Ernest Codman. A dafa tebur da lafiyayyen hannu, a sunkuya, a saki hannun ya rataya kamar igiyar guga. Sai a girgiza jiki daga ƙugu, hannun ya bi, gaba da baya, gefe da gefe, sannan ƙaramin zagaye da bai fi faɗin farantin cin abinci ba. Minti ɗaya zuwa biyu, sau uku ko huɗu a yini. Kusan kowa yana kuskure a ranar farko, yana juya hannun da kafaɗa. Muna gane haka da ɗora yatsa a kan tsokar: in ta yi tauri, ba reto ba ne.

Bayan haka sai ɗagawa a kwance. Mutum ya kwanta, mai gashin ƙashi ko wani ɗan gida da aka koya wa ya tallafi gwiwar hannu da wuyan hannu ya ɗaga a hankali, majiyyacin bai taimaka ba ko kaɗan. Likitoci da yawa suna iyakance wannan a digiri 90, wato hannu ya kalli rufin ɗaki, juyawa waje kuma kamar digiri 30, har zuwa mako na 4 ko na 6. Ma'aunin ciwo da muke bayarwa mai sauƙi ne. Jin ja ko ɗan zafi da ya lafa cikin rabin awa ba laifi. Ciwo mai suka, ko wanda ya hana barci a daren, ko ya kwana ya wuni, alama ce an wuce gona da iri, a rage gobe.

A duk wannan lokaci abin da hannun zai ɗauka bai wuce kofin shayi ba. Ba tura ƙofa, ba jan bargo, ba dafa kujera a tashi, ba karɓar jariri. Hawa bayan babur ma muna hanawa, don rami ɗaya a hanya ya isa mutum ya kai hannu ya cafke direba.

Mako na 6 zuwa na 12

Ana ɗaukar hoton ƙashin yawanci a mako na 2, na 6 da na 12. Na mako 6 shi ne mai yanke hukunci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa, saboda ciwo ya tafi, kuɗin mota da na hoto kuma sun yi nauyi. Rashin ciwo ba ya nuna ƙashi ya haɗe. Ƙusa tana iya fara leƙawa cikin gaɓa mutum bai ji komai ba sai ɗan ƙara. Idan mutum daga nesa ya zo, misali an yi masa aikin a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya koma garinsu, ya nemi a rubuta masa irin hoton da ake so, ya ɗauka a kusa da gida, ya kai wa likitan ko ya aika. Hoto ɗaya daga gaba bai isa ba, ana buƙatar aƙalla fuska biyu.

In hoton ya yi kyau, sai a ajiye maratayi a fara sa tsokar aiki da taimako. Sanda ita ce kayan aikin, muciya ma ta yi. A kwance, a riƙe ta da hannu biyu, lafiyayyen ya tura mai ciwon sama, a tsaya daƙiƙa 5 zuwa 10 a inda aka ji ja, a sauko a hankali, sau 10. Daga kwance a koma jingine, daga jingine a koma zaune, daga nan tsaye, domin kowane mataki yana ƙara nauyin da tsokar take ɗagawa. Sai goge tebur da tsumma ana tura hannu gaba, sai hawa bango da yatsu ana yin alama da alli a inda aka kai. Alamar allin tana da amfani, domin ci gaban yana da jinkirin da mutum ba ya gani sai ya duba inda yake mako biyu baya. A yi a gaban madubi. Jiki yana da wayo, idan gaɓar ta ƙi sai ya ɗage kafaɗar gaba ɗaya zuwa kunne ya karkata ƙugu, hannu ya yi kamar ya hau alhali gaɓar ba ta motsa ba. Wanda ya saba da wannan zai daɗe bai rabu da shi ba.

A wannan matakin ne ɗumi yake da amfani, tawul mai ɗumi minti 10 kafin motsi, bayan an gwada zafin a lafiyayyen hannu. Amma a gaya wa duk mai gashi cewa akwai ƙarfe a ciki. Akwai na'urar da take ɗumama cikin nama da igiyar lantarki, ba a sa ta a kan ƙarfe don tana iya zafafa shi ta ƙona naman da ke kewaye.

Nan ne kuma ’yan uwa suke fara cewa a kai wa mai ɗori ya "saki jijiyar". Masu ɗori suna da matsayinsu a wurin jama'a, amma ƙashin da ke da faranti da ƙusoshi ba a jan sa, ba a murɗa shi, ba a ɗaure shi da kara. Fizga ɗaya tana iya tumɓuke abin da aka yi awa biyu ana jerawa. Tsaga da ƙaho a kusa da wurin sun fi haɗari, domin ƙwayar cuta in ta isa jikin ƙarfe tana yin wata shimfiɗa mai yauƙi da maganin kashe ƙwayoyi ba ya ratsawa da kyau, sai a kai ga wanke wurin a tiyata ko cire ƙarfen.

Alamun da ba a jira ranar asibiti a kansu: ɗinki ya yi ja yana faɗaɗa, ruwa ko mugunya na fita bayan kwanakin farko, zazzaɓi ya kai 38, ciwo ya dawo da ƙarfi bayan ya yi sauƙi, an ji ƙara ko wani abu ya goce sannan hannu ya kasa yin abin da yake yi jiya, yatsu sun yi sanyi ko sun canja launi ko sun mutu, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya. Zazzaɓi a nan kada a ce maleriya ce kawai a sha magani a kwanta, a duba ɗinkin tukuna. Kuma kada a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis kafin likita ya gani, don yana ɓoye cutar ya hana gwaji gano irinta.

Abin da ke hana ƙashi haɗuwa da wuri sananne ne. Taba ce kan gaba, sigari ko shisha ko ta hanci, saboda nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da sabon ƙashi. Sai ciwon suga da ba a daidaita ba, wanda ke jinkirta warkewa ya kuma buɗe ƙofar cuta. Sai ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, irin su dekzametazon, da suke cinye ƙwarin ƙashi, mai shan su ya gaya wa likita gaskiya kuma kada ya daina farat ɗaya da kansa. Mai sikila yana buƙatar kulawa ta musamman don ƙashinsa ya fi saurin kamuwa da cuta da yankewar jini. Abinci kuwa ba sai na kanti ba. Babba yana buƙatar kalsiyom kamar miligiram 1000 zuwa 1200 a yini, kofin madara ko nono ɗaya yana ba da kusan 300. A haɗa da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale, riɗi, wake, ƙwai da nama. Romon ƙashi da ake ta dafa wa mai karaya yana da daɗi, amma kalsiyom ɗinsa kaɗan ne, naman da ke ciki ya fi romon amfani. Dattijuwar da ta karye daga faɗuwar tsaye ta tambayi likita a duba ƙwarin ƙashinta da bitamin D, musamman in ba ta cika fita rana ba, don wannan karayar takan zama gargaɗi kafin ta ƙugu.

Daga wata uku

Ƙarfafa tsoka yana farawa ne bayan hoton mako 12 ya nuna haɗuwa. Ana farawa da robar motsa jiki mafi laushi a ɗaure a hannun ƙofa, gwiwar hannu a manne da jiki da ɗan tawul a hammata, a ja waje, a ja ciki, a ja baya, sau 10 zuwa 15, zagaye biyu ko uku, rana ɗaya a huta rana ɗaya. Nauyi kuma daga rabin kilo, wato ƙaramar gorar ruwa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako ɗaya ko biyu.

Tuƙin mota yawanci tsakanin mako 6 zuwa 12 ne, bayan an ajiye maratayi, an daina maganin da ke sa barci, kuma mutum zai iya murza sitiyari da sauri in yaro ya faɗo hanya. Babur ya fi haka jinkiri. Aikin ofis ana iya komawa cikin ’yan makonni. Daka, tuƙin tuwon gidan yawa, jan guga, goyo, noma da fartanya, ɗora jarka a ka, waɗannan na wata 4 zuwa 6 ne, da izinin likita. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, kuma ɗaga ta sama da kai shi ne aiki mafi nauyi da kafaɗa take yi a gidajenmu.

Gara a san gaskiya tun yanzu: da yawa ba sa dawo da ɗagawa daidai da ɗaya hannun, musamman masu karaya mai kashi uku ko huɗu. Abin da ake nema shi ne hannu ya kai baki, ya kai ƙeya, ya kai aljihun baya, ya ɗauko abu a kan kanta, babu ciwo. Ana ci gaba da samun ƙari har shekara ɗaya, wani har ɗaya da rabi, ga wanda bai daina motsi ba. Akwai kuma matsala ɗaya mai zuwa a makare: karayar tana iya yanke jinin da ke ciyar da kan ƙashin, ya mutu a hankali ya lotse, kuma wannan yana iya bayyana bayan shekara ɗaya ko biyu. Sabon ciwo mai zurfi a kafaɗar da ta riga ta lafa dalili ne na sabon hoto.

Ƙarfen ba ya tsatsa a jiki, ba ya jawo tsawa, ba ya hana haihuwa. Wasu suna jin tsami a wurin lokacin hunturu, a rufe kafaɗar da kyau. Na'urar bincike a filin jirgi tana iya yin ƙara, sai a faɗa musu, takardar asibiti tana taimakawa ga mai tafiya Hajji ko Umara. Hoton MRI, wanda ake ɗauka a cikin na'ura mai ƙarfin maganaɗisu, galibi ana yin sa da irin waɗannan ƙarafa na zamani, amma dole a sanar da ma'aikatan kafin a shiga.

Cire shi ba dole ba ne, yawancin mutane da shi suke zama har ƙarshen rayuwa. Ana cirewa idan ƙusa ta shiga gaɓa, ko cuta ta kama, ko farantin ya zauna sama yana gogar ƙashin rufin kafaɗa duk lokacin da aka ɗaga hannu gefe. In ba gaggawa, ba a taɓa shi kafin wata 12 zuwa 18, kuma bayan cirewa ramukan ƙusoshin suna raunana ƙashin, sai a sake kiyaye nauyi na kusan mako 6. Saboda wannan ranar, tun kafin a sallame ka ka roƙi a rubuta maka sunan kamfanin ƙarfen da irinsa da adadin ƙusoshin, ka ɗauki hoton takardar da na ƙashin a waya, ka ajiye kwafi a gida. Kan ƙusoshin kamfanoni ba iri ɗaya ba ne, kowanne da irin abin da ake kwance shi da shi, kuma na taitaniyom wani lokaci suna cijewa a jikin farantin. Likitan da zai cire, wanda mai yiwuwa a wani asibitin yake, yana buƙatar sanin kayan da zai tanada kafin ya yanka fata.